Gadon da Ya Kife Surukina

A sashen gashin ƙashi na asibitin da nake aiki a Masaka, babu irin bayan da hannuna bai danna ba. Na danna na 'yan boda, wato 'yan acaɓa, na danna na malaman coci masu tumbi, har da na wani alƙali da ya yi ta kuka kamar an ƙwace masa alawa. Baya ɗaya ne tak aka haramta mini a duk ƙasar Buganda, na Yowasi Mukiibi mahaifin mijina, kuma shi ne ya fi kowanne buƙatar hannuna.

Dalilin dai obuko ne. Matar ɗa ba ta taɓa uban mijinta, ba ta miƙa masa ko cokali hannu da hannu, in kuwa ta kuskura, wai karkarwa za ta kama shi har ya shiga kabari. Na yi shekaru ina karatun jijiyoyin jikin mutum, ban ci karo da wadda ta san wa ya auri wa ba.

Buhunan kofi ne suka gama da kwankwason Baba Yowasi. Yana tafiya a sunkuye kamar wanda ya yar da kuɗi yana nema. Wannan bai ɗaga mini hankali sosai ba, sai ranar da muka zo ƙauye hutun ƙarshen mako na ga silifas ɗinsa na hagu ya zame a tsakar gida, ya ci gaba da tafiya bai sani ba. Ƙafar ta fara mutuwa ke nan. In jijiya ce ta matsu aka bar ta, wata rana ƙafar za ta tafi gaba ɗaya. Ba zan iya tabbatarwa ba sai na ɗaga ƙafar, na danna, na gwada yatsun. Asibiti kuma ya ce ba zai je ba, don duk sa'anninsa da suka shiga can a mota aka dawo da su a kwance.

Na faɗa wa surukata, Maama Eseza. Ta ce ciwon baya kayan tsufa ne, haka mahaifinsa ya mutu a sunkuye kuma babu wanda ya ce gawar ba ta yi kyau ba. Ta riga ta kai shi wurin mai tsaga, bayan nan duk zane kamar allon ɗan makaranta, ga ƙwayoyin kashe ciwo da yake watsawa a baki kamar gyaɗa. Na juya wurin mijina Katende, wanda yake koyar da kimiyya a sakandare, yana faɗa wa 'ya'yan mutane yadda jini ke zagaya jiki. Ya sosa ƙeya ya ce ya san gaskiya nake faɗa, amma ai na san halin Maama. Irin wannan amsar ce take cinye mutanenmu. Kowa ya sani, kowa yana jiran wani ya fara.

Tunda an hana hannu, sai na nemi ƙarfe. A Kampala na samo gadon miƙe baya na hannu, irin wanda mutum yake kwanciya a kai, a kulle masa idon sawu, gadon ya karkata kamar sikeli, kai ya yi ƙasa, nauyin jiki ya ja ƙashin baya ya sassauta. A ƙarƙashinsa akwai wani baƙin maɗauri mai ƙarfi, shi ne yake tsayar da gadon inda aka so. Na ɗaure shi yadda gadon ba zai wuce ɗan karkata kaɗan ba, don tsoho ba ya son jini ya taru masa a ka.

Aka kafa shi a siton kofi, don Baba ya ce ba za a ga ƙafafunsa a sama a tsakar gidansa ba. Da ya kewaye shi sai ya tambayi Katende ko da shi ake gasa akuya a birni. Maama Eseza kuwa so take ta san ko na taɓa gadon da hannuna. Da na ce ai ba da haƙori na ɗauko shi ba, sai ta yanko ganyen ayaba ta goge shi tun daga sama har ƙasa. Haka muka fara: Katende yana ciki yana kulle ƙafafu, ni ina waje bakin taga ina ba da umarni kamar mai sayar da tikitin mota.

Abin haushi, gadon ya yi ɗan amfani. Ciwon ya ragu, Baba ya fara barci. Ƙafar dai tana nan yadda take, amma wa zai saurare ni? Shi kuma ya yanke wa kansa hukuncin cewa in karkata kaɗan ta yi daɗi, karkata da yawa za ta fi, kuma rowa ce ta sa na ɗaure gadon.

Wata Asabar Maama Eseza za ta kai matoke, ayabar dafawa, kasuwa, igiyar babur ta tsinke. Ta shiga sito ta ga maɗauri mai kyau yana rataye a ƙarƙashin ƙarfe ba ya aikin komai, ta kwance, suka ɗaure kan ayaba da shi, Katende ya ɗauke ta suka tafi. Baba yana kallo bai hana ba. Ni ina bayan gida ina feraye, ban san an yi ba, tunda sito ba wurin shigata ba ne.

Sai na ji ƙarfe ya buga, sannan wata murya kamar daga cikin tulu.

Na leƙa ƙofar siton. Ashe da suka fita Baba ya hau gadon shi kaɗai ya kulle ƙafafunsa. Surukina yana rataye tsaye amma a kife, tafin ƙafa yana kallon rufi, kanzu, doguwar rigarsa, ta zubo ta rufe masa fuska, ga wani tsohon gajeren wando mai faci a gindi. Hannuwansa suna lalube a iska. Kafin in yi tunani gwiwoyina sun kai ƙasa sun gaishe shi, don haka aka hore su, kuma har yau ina jin haushinsu. Shi ma daga cikin rigar ya amsa gaisuwar.

"Wa ke gidan?" ya ce.

"Ni ce, Baba."

"Ban da ke."

"Kaji ne, sai akuya."

Na ce bari in ruga in kira maƙwabcinmu Ssali. Ya ce in Ssali ya ga wandon nan, gobe har a coci sai an yi wa'azi a kansa, gara ya mutu. Ya umarce ni in rufe ido in ɗauko sandar da ake baza kofi da ita in tura gadon daga nesa. Na ɗauko, ban rufe ido ba. Na tura, gadon ya ɗan ɗago ya koma, ya yi ta lilo da shi. Na sake, sandar ta zame ta same shi a haƙarƙari. Ya ambaci sunan kakansa.

Muryarsa ta fara kauri. Da na ɗaga gefen rigar da bakin sandar, na ga fuskar ta kumbura, idanun sun yi ja. Na jefar da sandar na shiga.

"Matar ɗana," ya ce, "in kika taɓa ni kin kashe ni."

"In na tsaya a nan, Baba, jinin da ke kanka zai riga ni."

"Ki jira Katende."

"Katende yana cinikin ayaba."

Na sa hannu ɗaya a ƙeyarsa, ɗaya a bayan gadon, na ɗago shi a hankali har ya daidaita, na riƙe shi a kwance jinin ya sauka, sannan na tsayar da shi na buɗe makullin ƙafafun. Bai fi rabin buhun kofi nauyi ba. Na zaunar da shi a kan buhu, na gyara masa rigar.

Ya ɗaga hannuwansa yana kallo. Suna rawa kamar ganye. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi ga shi nan, karkarwar ta zo, kuma ya faɗe shi da irin muryar wanda aka karanta wa hukunci. Sai na miƙa nawa hannuwan kusa da nasa. Su ma rawa suke. Na tambaye shi ni kuma wane suruki ne ya taɓa ni. Na ce tsoro ne, mu zauna mu gani.

Muka zauna, ni da shi, muna kallon hannuwa huɗu kamar masu jiran ruwa ya tafasa. Nawa suka fara tsayawa. Nasa suka bi baya. Ya juya su, ya dunƙule, ya buɗe. Na kawo masa ruwa, ya nuna mini ƙasa in ajiye kofin, don kada ya karɓa daga hannuna. Na ajiye, amma Allah ya san abin da ke bakina.

Da ya sha sai ya leƙa hanya, ya ce tunda ɓarnar ta riga ta auku, in duba ƙafar kafin su dawo.

Na kwantar da shi a kan buhuna. Na ɗaga ƙafar hagu, ba ta yi nisa ba ya cije leɓe. Na soka masa ƙayar lemo a bayan sawu, ya tambaye ni ko na fara. Na ce ya ɗaga babban yatsa, yatsan ya yi kamar ba da shi ake ba. Na faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba: ranar Litinin za mu je a ɗauki hoton bayan, in ba haka ba ya fara neman sanda mai kyau. Ya ce zai je, da sharaɗin a ce Katende ne ya matsa masa.

Da babur ya dawo, Maama Eseza ta ga jajayen idanun mijinta, ta ga sawun ƙafata a ƙurar sito har gindin gadon. Ya ba ta labarin kifewar. Ta tambayi wanda ya tashe shi. Na buɗe baki, Baba ya yi wani tari mai tsawo, ya ce gadon ne ya dawo da kansa, da ya yi addu'a ya yunƙura. Ta dubi sawun, ta dube ni, ta dubi hannuwansa da ke kwance lafiya a kan gwiwa. Sai ta ce lallai ƙarfen kirki ne, ta ɗauko tsintsiya ta share siton.

Hoton ya nuna abin da na yi zato, faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya zame ya danne jijiya. Likitan ya ce an zo da sauran dama, ba sai an yanka ba, amma sai an haɗa da gashi da motsa ƙafar da hannu a kai a kai. Baba ya ce ba zai riƙa zarya Masaka ba. Don haka duk Asabar Maama Eseza take tafiya kasuwa ko ba ta da abin sayarwa, ta ja Katende, kuma ba ta dawowa da wuri. Ni kuma in shiga sito. A hankali yatsan ya fara ɗagawa. Yanzu da kekensa yake zuwa coci.

Ƙauye kuwa gadon ya samu suna. Tsofaffi suna layi a ƙofar sito, Baba yana kulle musu ƙafafu yana bayani kamar shi ya ƙera shi. A cikinsu akwai wanda matar ɗansa ma'aikaciyar jinya ce, tana kallonsa yana jan ƙafa ba ta da ikon matsowa. Wannan ne ya sa Asabar da ta wuce, yana kwance rub da ciki ina danna masa kwankwaso, na ce lokaci ya yi da zai faɗa wa dattawan nan wanda ya tashe shi, da wanda ya dawo masa da ƙafa, su ga hannunsa ba ya rawa.

"Matar ɗana," ya ce, bakinsa a cikin buhu, "ƙafa ta dawo, gida lafiya, uwar mijinki tana shan iska a kasuwa. Ke kullum sai kin ƙara wani abu. In na mutu ki faɗa musu. Sauka ƙasa kaɗan, wajen hagu."

Na sauka ƙasa kaɗan wajen hagu, na danna da gwiwar hannu, fiye da yadda aikin yake buƙata.