Bajamushen Hawa na Biyar

"Riƙe min kujerar nan, Thoa, kar in faɗo ranar farin cikinku," in ji Baba Detlef, yana ɗaura jar tuta mai tauraro a ƙarfen barandarsa.

Shekararsa tamanin da uku. Yana saurayi ya zo garinmu Vinh daga ƙasar Jamus ta Gabas, cikin injiniyoyin da suka gina benayen unguwarmu bayan yaƙi. Ya koma gida, daga baya ya dawo ya auri Lua mai ɗinki. Tun rasuwarta ni ke kai masa kunun shinkafa, don ƙofata na kallon tasa.

Ranar biyu ga Satumba ce, bikin 'yancin kai. A ƙasa lasifika na ta waƙa, tsofaffin sojoji na wucewa da lambobinsu a ƙirji.

Ya sauko yana haki, ya zauna. "Mu ma haka muka yi. Ƙasarmu ta cika shekara arba'in, aka sha fareti da ganguna. Shekara ba ta zagayo ba aka goge ta daga taswira."

"Kai Baba, bakinka! Shugaban unguwa yana nan ƙasa, zai ji ka."

"Ya ji mana, ai ba zagi na yi ba. Ku da jini kuka samu taku, shi ya sa tsofaffin can ke kuka da gaske. Abin da na kasa ganewa har yau, wa ke tafi don so, wa ke yi don ana kallonsa. Ni dai duka biyun na yi."

"To sa takalminka mu je dandali."

"In tsaya a layin su wa? Je ki abinki, kya ba ni labari."

Na ce awa ɗaya zan yi. Sai na haɗu da yayata, muka ci taliya, muka biye wa hira har yamma.

Da na dawo na same shi a kujerar, kansa ya karkata, kunun ya yi sanyi bai taɓa ba. Na kira shi sau uku kafin na yarda.

Likita ya ce zuciya ce. Muka aika wa ɗan ƙanwarsa saƙo a birnin Leipzig na Jamus, ba amsa. Mu bakwai muka raka shi, har da shugaban unguwa, wanda ya ɗauki gaban akwatin gawar.

Hotonsa ɗaya muka samu, na tsohon katin aiki: saurayi mai yalwar gashi, hatimi ya cinye rabin kafaɗarsa. Na jingina shi kusa da na Lua, na kunna turare tsinke uku.

Ruwan sama ya sauko, ya fara ɗiga ta tsagewar rufi daidai tsakiyar ɗakin. Na ɗauko kwano na tara, na zauna.