Hanyar Konni Ta Sha Horo

Amatullahi ce ke kula da rezo, wato layukan sadarwa, a wani ƙaramin kamfanin intanet na Dogon Dutsi. Hanyar sadarwa biyu ke haɗa su da duniya, ta Dosso da ta Konni. Da damina ta kankama, hanyar Konni ta fara rawa, ta yanke ta dawo, ta sake yankewa. Duk motsinta sai rutar, na'urar da ke zaɓar wa saƙonni hanya, ta canza shawara, aikin jama'a ya tsaya cak har garin Kore Mairuwa.

Mushe Ulrich, mai kamfanin, ya faɗo biro, ofishinta, ransa a ɓace.

"Madam, cire wagga hanya mu huta!"

"In munka cire ta, ranar da ta Dosso ta faɗi, ina za mu bi?" in ji Amatullahi. "Horo za ni yi mata."

Ta tsara wa rutar doka: duk yankewa a ɗora wa hanyar makin laifi, in ya wuce iyaka a jingine ta. In ta natsu, makin ya riƙa raguwa har a sake karɓar ta. Ta ɗaga iyakar sosai, don kada tuntuɓe ɗaya ya kori hanya mai lafiya.

Kafin azahar rutar ta jingine Konni, komai ya bi ta Dosso lami lafiya. Ulrich ya tambayi wa zai maido ta.

"Ita za ta maido kanta," in ji Amatullahi.

Da hadarin la'asar ya wuce, hanyar ta dawo aiki, ba wanda ya sa mata hannu.