Wayar Ɗumi a Ɗakin Mama Zipporah

Othniel mai shimfiɗa tayil ne, yana zaune a unguwar Dubeli, cikin Jimeta, da matarsa Fibi. Mahaifinsa, Malam Apollos, mutumin wajen Numan ne, aikin koyarwa ya kai shi Mubi, ya zauna can shekara ashirin da matarsa Zipporah, mahaifiyar Othniel. A watan Oktoba na 2014, ranar da 'yan bindiga suka shiga Mubi, su biyun suka fita da ƙafa cikin taron jama'a. Bayan kwana tara Zipporah ta iso Jimeta ita kaɗai, ba takalmi. Da aka tambaye ta ina Malam, sai ta ce, "Yana baya." Ba ta ƙara komai ba, shi kuma bai iso ba.

Othniel ya gyara mata ɗaki. Ya sa farin tayil mai sheƙi, irin wanda yake sa wa manyan ma'aikata a unguwar Makama. Ranar da ta fara takawa ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi ƙasa.

"Akwai sanyi," in ji ta.

Watan Maris ne, lokacin da zafin Yola ke narkar da kwalta. Fibi ta shimfiɗa tabarma, ta sayo safa. Mama ta sa safar ta zauna a gefen gado. Kullum in an gaishe ta, sai ta amsa, sannan ta ce ƙasan ɗakin nan da sanyi. Ba da ƙorafi take faɗa ba. Haka aka yi shekara shida.

Othniel ya taɓa aiki a wani gida a Jos inda aka binne wayar lantarki ƙarƙashin tayil don ta ɗumama ɗaki. Ya aika aka kawo masa irinta. Ya kira Bobboyi, tsohon birkilan da suke aiki tare, su fasa ɗakin.

Bobboyi ya juya wayar a hannu. "Othniel, a Yola? Mutane suna neman fanka, kai kana neman murhu?"

"Mama ce ke jin sanyi."

"Tayil haka yake. Ba shi ne da sanyi ba, zafin ƙafarka yake sha da sauri. Tabarma ba ta sha. Ka taka su biyun a ɗaki ɗaya ka ji."

"An gwada tabarma, Baffa."

Bobboyi ya ɗauki guduma. Kwana huɗu suka yi. Mama tana zaune a tsakar gida tana kallon yadda ake fitar da ɓaraguzai, ba ta tambayi me ake yi ba.

Da aka kawo wuta suka kunna. Simintin ya yi kauri, sai da aka yi awa uku kafin ɗumi ya hau. Othniel ya dafa tafin hannunsa a ƙasa, ya ji kamar bangon da rana ta daka. Zufa na zuba daga haɓarsa. Ya kamo hannun Mama ya shigo da ita, ya durƙusa ya cire mata safa.

"Mama, yaya kika ji?"

Ta ɗan jima a tsaye. "Sannu da aiki," ta ce. "Akwai sanyi."

Bobboyi ya dubi Mama ya ce, "Dada, taka nan tsakiya." Ta taka. Ta girgiza kai, ta koma gefen gado.

Bayan sati biyu Fibi na shara ta ga ɗigon jini daga madafa har ƙofar ɗakin Mama. Ƙusa ce ta shige tafin ƙafarta ta dama, tana ta yawo da ita tun safe ba ta sani ba.

A asibiti likita ta sa ta rufe ido, tana tsikarar ƙafar da allura. Yatsu, ba ta ji ba. Dunduniya, ba ta ji ba. Sai wajen ƙwauri ta ce, "Nan." Likitar ta ce jijiyoyin ƙafar sun lalace, akwai kuma ciwon suga da ya daɗe ba a gano ba. Sanyin daga cikin ƙafar yake, ko garwashi aka shimfiɗa mata haka za ta ji.

A cikin Keke Napep, suna hanyar gida, Mama ta yi magana ba tare da ta dubi kowa ba.

"Wani rafi muka tsallaka a kwana na uku. Ruwan ya kai gwiwa. Babanka ya ce in wuce, zai zauna ya huta kaɗan. Na wuce."

Othniel ya jira ko za ta ci gaba. Ya nemi wani abu a ransa, kuka ko fushi, bai samu ba. Ya ce wa direba ya shiga kwana ta hagu.

Da suka isa gida ya cire fis ɗin da ke kai wa wayar wuta ya jefa a akwatin kayan aiki. Wayar tana nan a binne har yau, fasa ɗakin wani aiki ne.

Yanzu kowace safiya Fibi kan ɗora ƙafafun Mama a cinyarta, ta duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta shafa man kaɗanya, ta ba ta magani. Othniel kan tsaya a ƙofa har a gama, sannan ya ɗaura injin yankan tayil a bayan babur. Wannan watan a unguwar Yolde Pate yake aiki, gida mai ɗaki shida.