Yajin da Lailatu Ba Ta Yi Ba

Shekarun baya, da Lailatu ta fara shirin jarrabawar shiga digiri na biyu a Sakkwato, bakinta bai yi shiru ba, har mai kawo musu ruwa sai da ya sani. Sai ga cikin ɗanta Khalifa, laulayi ya kwantar da ita, littattafai suka koma ƙarƙashin gado, Nusaiba kuma ta biyo baya. Karatu ya tafi, suna ya zauna. A makarantar 'yan matan da take koyar da bayoloji a Talata Mafara, har yau Dakta ake ce mata ana ƙunshe dariya. Takan taya su dariyar, amma abin yana ci mata rai.

Don haka bana da ta sake ɗaura niyya, mijinta Jafaru kaɗai ta gaya wa, kuma sai da ta sa ya yi alkawarin ko mahaifiyarsa ba za ta ji ba. Jafaru mai gyaran injin ban-ruwa ne, mutumin da sai an matsa yake magana, saboda haka riƙe sirri ba wani aiki ba ne a wurinsa.

Gidan ne dai bai ba da haɗin kai ba. Ta kakkaɓe littattafai ta ga kamar ba ita ta ja layukan da ke ciki ba. Kafin shafi guda ya zauna mata, maƙwabciya ta yi sallama neman aron rariya, kuma a unguwarsu ba a aron rariya sai an gaisa an tambayi gajiya da yara da mutanen ƙauye ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta tarar Nusaiba ta zana kaza a tsakiyar babin da take bita, zama ta yi ta fashe da kuka. Jarrabawa ƙarshen wata ce, ga kai ya yi tsatsa. Jafaru ya dube ta ya ce ai hutun makaranta ake yi, ta kwashi yara ta tafi gidansu a Maradun, can akwai masu riƙe mata su.

Aiki ya riƙe shi a fadama, sai ta shiga motar haya ita kaɗai. Haka ta faɗo wa mahaifiyarta, Inna Kyauta, ba sanarwa: ga yara, ga ƙatuwar jaka da ƙyar take ja, ga idanu sun yi ja saboda karatu, ba kuma miji a bayanta. Inna ta tambayi lafiya, ta ce lafiya lau. Ta tambayi Jafaru, ta ce yana gida. Ta tambayi abin da ya kawo ta, ta sunkuyar da kai ta ce babu komai, kwana biyu kawai za ta yi. To, wace uwa ce ba ta san ma'anar wannan babu komai ɗin ba?

Nan take Inna ta share mata ɗakin da ke jikin zaure, ta kwashe yaran, ta kafa dokar kada wanda ya leƙa ta. Fura da sanyin safiya, tuwon shinkafa da man shanu da rana, har zakaran da take ji da shi sai da ya sha wuƙa. Lailatu tana ta mamakin wannan gata, sai ranar da ta jiyo Inna tana raɗa wa wata baƙuwa cewa a ƙyale yarinyar, zuciya ce, yaji ta yo.

Da ta fito a lokacin ta warware zance, da shi ke nan. Amma Allah ya sani, tun da ta yi aure ba ta taɓa samun shiru irin wannan ba. Abubuwan da ta ɗauka sun ɓace sai dawowa suke yi, babi yana bin babi. Kullum sai ta ce gobe za ta faɗa wa Inna gaskiya, goben ta zo ta ƙara wata. Jafaru yakan kira da yamma, tambayarsa ɗaya ce, ko karatu yana shiga. Takan ce yana shiga, ta haɗiye sauran.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta ji sallama a zaure. Ta leƙa ta 'yar tagar da ke tsakani. Baffa Ɗanlami ne, ƙanin mahaifin Jafaru, ya taso tun daga Bakura da ƙullin goro da turmin atamfa. Can bakin ƙofa kuma ga Jafaru a tsugune, ba takalmi, kai a ƙasa. Biko aka zo.

Bayan doguwar gaisuwa Baffa ya shiga bayani wa mahaifinta, Malam Sadi. Ya ce a wurin wani suna labari ya iske su, ya kira yaron nan ya tambaye shi abin da ya yi wa 'yar mutane, ya yi masa gum, shi kuwa a zuriyarsu ba a san su da wulaƙanta mata ba. Malam Sadi ya juya ya tambayi surukinsa a hankali abin da ya haɗa su. Baffa ya daka wa Jafaru tsawa ya ce ya buɗe baki.

Jafaru ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "Baba, laihi nawa na. A yi mani hanƙuri. Amma ina roƙo a bar ta nan hal ƙarshen wata, ta samu ta huce."

Dariya da kuka suka zo wa Lailatu lokaci guda, kunya kuma ta rufe ta har tafin ƙafa. Mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba ya ɗauki laifin da babu shi a gaban manya, kuma a cikin ban-haƙurin ma kwanakin karatu yake nema mata. Ta zura hijabi, ta jawo jakar nan har zaure, ta durƙusa ta zazzage littattafan a gaban tabarma. Ta faɗi komai, tun daga Dakta har zuwa raɗar da ta ji ta yi shiru.

Baffa Ɗanlami ya dubi littattafai, ya dubi goronsa, sai ya kece da dariya har hularsa ta zame. Daga bayan ƙofa muryar Inna ta fito: "Ke Lailatu, ashe karatu na nay yanka ma zakarana?"

Malam Sadi ya bari aka natsu. Ya yi wa 'yarsa faɗa kan barin mijinta cikin zargi, ta karɓa ba musu. Sannan ya ce goro dai ya shigo gida, ba ya komawa, an karɓi biko. Roƙon Jafaru ma an karɓa, za ta zauna har ƙarshen wata, dokar Inna tana nan, sai dai zakara ya ƙare.

Kafin magariba duk unguwa ta ji, ta kuma tabbata labari zai riga ta isa Mafara. Ta duba zuciyarta ta ga abin bai dame ta ba, in sun ga dama su kira ta Dakta har a lasifika.

Ranar jarrabawa Jafaru ya zo da motar abokinsa tun da sassafe. Ta fito sanye da atamfar biko, Inna ta sa an ɗinka mata. Sai da suka ɗauki hanyar Sakkwato ta tambaye shi abin da ya hana shi faɗin gaskiya ya huta.

Ya ce, "Ke kinka sa ni alkawari." Ya ɗan yi tafiya, sannan ya ƙara da tambayarsa ta kullum: "Karatu ya shiga?"

Lailatu ta goge ido da gefen hijabi ta ce, "Ya shiga."