Hannun Mai Guga

Ina shanya a tsakar gida na ji ƙaurin nama. Na leƙa shagon da ke ƙofar gidanmu na haya, sai ga mai guga yana sauraron rediyo, gefen hannunsa manne da dutsen guga, bai ma sani ba.

"Maƙwabci, hannunka!"

Ya ɗaga ya duba kamar na wani ne.

Tun rasuwar matarsa, ni kaɗai ya gaya wa yana da ƙanjamau. Wata uku da fara shan magani ya murmure, har yana tsokanata wai in nemo masa bazawara. Sai fatarsa ta yi jajayen kumburi a fuska da dantse, gwiwar hannu na zugi, yatsu biyu suka daina ji.

Na raka shi asibiti. Likita ta ce kuturta ce, ta daɗe kwance a jikinsa. Da garkuwar jikin ta farfaɗo sai ta gano ta, ta far mata. Ta ce ana warkewa, ta ƙara masa ƙwayoyi, ta roƙe shi kada ya bar na farkon.

Da muka iso gida ya dube ni. "Waccan cutar a ɓoye take, yaya. Wannan kuwa a goshi ta zauna."

Masu kawo guga suka janye ɗaya bayan ɗaya. Matan gidan suka ware masa bokiti. Ƙaninsa ya zo sau ɗaya, ya gaishe shi daga tsaye. Ni ma, ba zan ɓoye ba, kwanon da nake kai masa abinci daban nake wanke shi.

Da damina ta kankama ya rufe shago, tari ya sa shi gaba. Ranar da na shiga share masa ɗaki na tarar da robobin magani cike a ƙarƙashin gado. Na yi faɗa har da kuka.

"Na sha ne don in koma cikin mutane," ya ce. "Shi ya fitar da ni."

Na lallaɓa shi ya koma shan maganin, amma an makara. Ya cika ranar Talata da hantsi, ina yi masa fifita.

Ƙanin ya kwashe kayan ɗakin, ya bar takalman marigayin a bakin ƙofa. Tun yana da rai ya tsaga bakinsu da reza saboda kumburin ƙafa. Kwana uku suna nan, ruwan sama ya taru a ciki.