Kwana Huɗun Gwaji

Munzali ko albasa ba ya saye sai ya latsa ta. 'Yan kasuwar Birnin Kebbi in sun hango shi sai su fara salati. Shi kuwa abin alfaharinsa ke nan, wai tun da aka haife shi ba a taɓa cutarsa a ciniki ba.

Da Desmond, abokinsa mai gyaran waya a Argungu, ya yi masa tallan na'urar gem ta wasan ƙwallo a talabijin a kan kuɗin shinkafa buhu uku, Munzali ya ce ba ya biyan abin da bai gwada ba. Desmond ya ba shi kwana huɗu.

A makon ne shinkafarsa ta Zauro ta yi nono, lokacin da tsuntsayen jan-baki ke sauka garke-garke. Masu korar tsuntsu sun faɗi ladansu, ya ce sun yi tsada, da kansa zai je ya kaɗa gwangwani.

Ranar farko ya ce bari ya ɗan taɓa kafin ya fita. Na'ura ta ci shi bakwai da nema. To, mai adalci ba ya yanke hukunci cikin fushi, sai ya sake. Rana ta biyu ya koyi bugun kwana. Ta uku matarsa Riskuwa ta tuna masa da gona, ya ce ta bar shi, bincike yake yi, ba wasa ba. Ta huɗu ya ɗauki kofi, ya yi ihun da ya firgita awakin maƙwabta.

Sannan ya hau babur har Argungu, ya dire kwalin na'urar gaban Desmond.

"Na gwada shi sarai. Abin ga bai kai buhu ukku ba."

Ya dawo yana jin daɗin wayonsa, ya biya ta Zauro. Zangarniya na tsaye cak, fara fat, duk wadda ya murza sai ƙaiƙayi. Gonar da ke ba shi buhu ashirin ce, abincin gidansa na shekara. Ya zauna a kan kunyar gonar.

A gida ya faɗa wa Riskuwa komai, kansa a ƙasa. Ta tambaye shi ko ya mayar da na'urar. Ya ce ya mayar.

"To madalla, maigida," in ji ta. "Buhu ukkunmu dai sun tsira."