Shinkafa a Kan Sola

Shekara uku ina kula da solar garinmu, can bayan Kirikasamma, kuma wallahi na gaji da magana. Tun ranar da aka kafa farantan nan a kan dogayen ƙarafa nake faɗa: ba rumfa ba ce, ba wurin shanya ba ne. Wa ya ji? Yau kuɓewa, gobe barkono.

Bana ruwa ya ci gonaki, ya yanke hanyar Haɗeja, ko'ina caɓi. Da hantsi sai ga Ummussalma, ma'aikaciyar ƙaramin asibitinmu, ta ce firjin asibiti da solar nan ke ba wuta ya mutu tun jiya. A cikinsa allurar ciwon sugan Iya Falmata take, ta wata biyu. In ta yi zafi ta lalace, kuma babu mai kawo wata sai ruwa ya janye.

Na taka har wurin raina a ɓace. Farantai goma sha biyu, duk an lulluɓe su da tabarmi, an baza ɗanyar shinkafa, irin wadda aka tsamo da kwalekwale. Ta ina rana za ta shiga? Na fara faɗa tun daga nesa, har da cewa sai na kai mai ita gaban mai gari.

Ashe mai ita na zaune a gindin ƙarfe tana korar tsuntsaye. Iya Falmata ce.

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Iya, kin san maganinki ne a firjin nan?"

"Na sani, Ɗanladi."

"To in ya lalace fa?"

Ta ce buhu huɗu kawai suka tsira, kuma har ta fara tsiro. Kwana biyu take nema, ta bushe. Babu busasshiyar ƙasa a garin, na fi kowa sani.

"Ummussalma ta sa shi a randa mana," in ji ta.

Na ce randa ba firji ba ce, babu tabbas.

Ta dube ni, ita ma duk ta gaji. "Jikoki bakwai ɗana ya mutu ya bar mini. Ni ɗaya ce, su bakwai ne."

Tausayi da haushi suka taru suka kama ni. Na ɗauko tsani na jingina a jikin ƙarfe. Na hau, na sa hannu na juya mata shinkafar, don ta ƙasa ma ta sha rana.